Akwatin Monita

Ni kafinta ne, ba mai surutu ba. Aji uku na yi a firamare aka miƙa mini zarto, karatuna ke nan. Amma abin da surukina ya yi mana ranar kai jikarmu makaranta, in na bar shi a cikina zai kumbura ni. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ɗana ne ya auri 'yarsa, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa. Duk layinmu Monita ake kiransa, har matarsa, domin ba a hirar minti goma da shi bai kai ka makarantar kwana ba. A faɗarsa shekara biyar ya yi a can, kuma tun sati na biyu aka naɗa shi monitan ɗakin kwana. Shi ke kaɗa ƙararrawa, shi ke riƙe makullin sito, shi ne ya taɓa kama maciji a ƙarƙashin gadon hedimasta da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da littafin lissafi. Macijin nan kullum ƙara tsawo yake yi. Da na fara jin labarin kamu biyu ne. Bara ya kai tsawon ƙofar shagona.

Jikarmu kuwa Likita muke ce mata, don tun tana rarrafe take ɗaure wa kaji ƙafa da tsumma. Bana ta ci jarrabawa, ta sami gurbi a makarantar kwana ta 'yan mata, irin wadda ɗaruruwa ke nema a ɗauki kaɗan. A gidana da gidan Monita ba a taɓa samun wanda ya kai nan ba. Takarda ta zo shafi biyu. Na farko ya ce a kawo yarinya ranar Litinin kafin sha biyun rana, wadda ta makara a ba wata gurbinta. Na biyu ya jera kayan da za a zo da su da waɗanda aka hana, ya kuma ce duk wadda aka kama ta ɓoye abin da aka hana, daga bakin ƙofa za ta koma gida.

Uban yarinyar direban babbar mota ne, yana kan hanya, sai bayan sati biyu. Monita ya ji haka ya gyara hula.

"To, aiki ya zo hannun masu shi," in ji shi.

Uwar Likita ta miƙa masa takardar. "Baba, sun ce jaka ake so, ba akwati ba. Wai kowa da kabad ɗinta a can."

"Takarda ce ta yi makarantar kwana ko ni?"

"Kai ne, Baba, amma ai an jima."

"Makarantar kwana ba ta tsufa. Yunwa ce da sanyi da ɓarayin sabulu. Sun canja ne?"

Ya linke takardar gida huɗu, ya cusa ta ƙarƙashin ƙafar bencin da ke masa rawa. Ya zauna ya gwada. "Kun gani? Ta yi amfani." Da ya shiga gida na ga Likita ta ɗaga bencin ta zare takardarta. Ta dube ni, na dubi rufin shago.

Washegari aka sauko da akwatin. Na ƙarfe ne, baƙi, irin wanda in ka kwantar da ɗan akuya a ciki zai sami wurin juyi. Sama da shekara hamsin yana kan rufin ɗakin Monita. Ni da Tela da Mai Shayi muka sauko da shi, Monita yana ƙasa yana ba da umarni. Da aka buɗe, kyankyasai suka fito a jere kamar an tashi aji.

"Ga abokan karatunka nan, Monita," in ji Tela. "Ba za ku gaisa ba?"

"Ka ji ɗan jeka-ka-dawo," in ji Monita. "Wanda bai taɓa kwana nesa da zanin uwarsa ba."

A can ƙasan akwatin na tsinci sandar sabulu, doguwa, ta bushe ta zama kamar katako. An tsaga mata layi da wuƙa gida tara, kamar yadda iyaye mata ke yi a da, yanki ɗaya na wata ɗaya. Yankin farko ne kawai aka ɗan goge wa baki. Sauran takwas ko ruwa ba su taɓa gani ba.

Na ce, "Shekara biyar, sabulu bai ragu ba?"

"Monita ba ya wanka da nasa sabulu," in ji shi, ko ƙifta ido bai yi ba. "Ƙananan yara ke kawo masa. Mai da shi, yarinya za ta ci gado."

Na mai da shi. Ni ba mai surutu ba ne.

Da yamma ya same ni a shago ya rage murya. Wai in yi wa akwatin gindi biyu: in shimfiɗa falangen katako a ciki, tsakaninsa da ƙarfen ƙasa a sami rata ta taƙi ɗaya, inda za a ɓoye sukari da madara. Haka suke yi a zamaninsu, in ji shi, kuma shi ya ƙirƙiro dabarar.

Na ce, "An hana."

"An hana wanda aka kama."

"Gindin akwatin ya yi tsatsa. Ka sa yatsa ka ji."

"Ka ce dai ba ka iya ba, Kafinta. Ba abin kunya ba ne. Akwai yaron nan na bakin kasuwa mai injin, shi zan kai wa."

Nan ya kama ni. Shekara arba'in da bakwai ina riƙe da zarto, a ce a kai wa mai injin? Na yi masa gindi biyu wanda ko ni sai na lalube shi kafin in gane. Wannan laifina ne, na rubuta shi don kada a ce na wanke kaina. Amma na gaya masa, a gaban Mai Shayi, kada ya zuba abin da ya wuce mudu biyu.

Kwana ukun da suka rage, Monita ya mai da layinmu makaranta. Ya samo usur. Ya ce yarinya sai ta koyi ɗiban ruwa irin na 'yan kwana: bokiti biyu, a guje, kafin ƙararrawa ta biyu.

"Kaka, sun ce akwai famfo a kowane ɗaki," in ji Likita.

"Famfo yana mutuwa. Ƙafa ba ta mutuwa. Tsaya ki gani."

Ya cika bokiti biyu a bakin rijiya, ya naɗe wando, ya sa usur a baki, ya hura wa kansa, ya zabura. Taku shida ya yi. A na bakwai takalminsa ya tsaya shi ya wuce. Bokiti ɗaya ya tafi kan teburin Mai Shayi, ɗaya ya juye a kansa, usur ɗin yana ta kuka a bakinsa don ya manta ya daina numfashi ta ciki.

"Wannan ƙararrawa ta farko ce ko ta biyu?" in ji Tela daga kan kekensa.

Monita ya tashi yana ɗiga. "Na nuna mata yadda ba a yi ne. Kin gani ko, Likita? Kada ki yi haka."

"Ba zan yi ba, Kaka," in ji ta.

Sai kuma kayan makaranta. Ya ce rigar ɗaliba in ba ta tsaya da kanta ba, ba riga ba ce. Ya dama sitaci cikin baho kamar zai yi yaɓe, ya tsoma riga biyu da siket biyu waɗanda Tela ya ɗinka, ya shanya. Da suka bushe aka sauke su daga igiya, sai ga riga ta tsaya a tsakar gida da hannuwa a buɗe. Matar Monita ta fito daga kicin ta yi mata sannu da zuwa. Da aka zo linkewa, siket ɗaya ya tsage da ƙara kamar an karya kwali. Tela ya ɗauki tsagin ya daɗe yana kallo.

"Ni yadi na ɗinka," in ji shi. "Wannan aikin Kafinta ne, a kawo ƙusa."

Ranar Lahadi Monita ya yi wa akwatin sabon fenti, ya rubuta da fari, manya-manya: MONITA, LAMBA 114. Uwar Likita ta ce ai sunan yarinya ya kamata a sa. Ya ce lambar nan tana da kwarjini, duk babbar ɗalibar da ta gan ta za ta kauce. Daga nan ya kori kowa ya shirya kaya shi kaɗai. Ta taga na ga abin da ya shiga: fitilar ƙwai da kwalbar kananzir, dutsen guga na gawayi, adda don sare ciyawa, bokitin ƙarfe, rigunan nan masu tsayuwa. Abin da ya shiga ƙarƙashin falange ban gani ba, amma na ga Mai Shayi yana rufe shagonsa da wuri don sukari da madara sun ƙare masa. Monita ya rufe akwatin ya danna masa kwaɗo uku.

Litinin da safe muka ɗauki a-kori-kura, ni da Monita da Likita da uwarta. Mutum huɗu suka ɗora akwatin, motar ta durƙusa ta baya. Likita ta fito da wata jaka shuɗiya ta tura ƙarƙashin kujera. Monita ya ce mene ne wannan, ta ce kayan mata ne. Bai ƙara tambaya ba.

Muna shirin tashi sai ga yayarsa, wadda duk muke kira Gwaggo, ta dogaro sanda. Ta kusa casa'in, ba ta cika fita ba, ba ta kuma cika magana ba. Shi ya sa muke shiri da ita.

"Yaya, ina za ki? Hanya da nisa," in ji Monita.

"Na raka wancan, zan raka wannan," in ji ta. Ta shige gaba ta zauna.

Tafiyar awa biyu ce. Muka yi uku, domin a kowane tudu sai mun sauka mun tura, kuma Monita ya ce ya san wata gajeriyar hanya wadda ta kai mu gonar wani. Sha ɗaya da kwata muka isa.

Makarantar ba irin wadda yake ba mu labari ba ce. Gine-gine masu fenti, fanka tana juyi a ɗakin mai gadi, wani mutum yana tura injin yanke ciyawa a fili. Monita ya dubi injin, ya dubi akwatinsa inda adda take, ya ja tsaki.

"Wannan otal ne," in ji shi.

A bakin ƙofa an jera tebura, malamai mata suna buɗe jakunkuna suna dubawa da takarda a hannu. Iyaye sun yi layi, kowa da jaka ɗaya da zai iya ɗauka da hannu guda. Mu kuwa muka shigo ɗauke da akwati, har da direba da mai gadi, muna nishi, kamar masu kawo injin niƙa. Layi ya dare. Monita ya ɗauka kwarjinin lamba ne.

Muna jira ya fara wa iyaye lacca. "Wannan bincike ne? A zamaninmu, in aka kama ka ka ɓoye abu, akwatinka za ka ɗauka a kai ka zagaya fili, kowa yana kallo. Ni da kaina na sa mutum bakwai. Ba sani, ba sabo!"

Wata mata mai tabarau da ke tsaye a gefe ta ce, "Haka ne, Baba?"

"Haka ne, 'yata. Doka ai doka ce."

Sha biyu saura ashirin layi ya zo kanmu. Malamar da ke tebur ta dubi akwatin, ta dubi takardarta, ta sake duban akwatin.

"Baba, ba ma karɓar akwati. Amma tunda ya shigo, sai an buɗe. Kawo makulli."

Monita ya shafa wuya. Ya shafa aljihun gaba, ya shafa na gefe. Ya cire hula ya leƙa ciki. Sai na ga fuskarsa ta yi wani iri.

Na matsa na ce a hankali, "Ina makullan?"

"Na adana su."

"A ina?"

"Inda ɓarawo ba zai taɓa gani ba."

Ya zuba su ƙarƙashin falange, duka uku, ya danna kwaɗo a kansu.

"A kawo guduma," in ji malamar.

"Ba sai an fasa ba!" in ji Monita. "Kaya ne na ɗaliba, ba komai. Ki ji da kunnenki, ko motsi ba ya yi. Mai gadi, kama can."

Na ce, "Kada ka ɗaga."

Ya ɗaga. Shi da mai gadi suka kai shi gwiwa, ya ce a girgiza. Girgiza ɗaya, gindin nan mai tsatsa ya buɗe baki. Ban taɓa ganin sukari mai yawa haka a waje da shago ba. Ya zubo ya rufe takalman mai gadi, madarar gari ta biyo shi ta tashi kamar hayaƙi, biskit ya watse, kwalbar kananzir ta fashe a kai. Gwangwanayen kifi suka bazu cikin layi, iyaye suna tsalle. Daga ƙarshe falangena ya sauko a hankali, lafiyarsa ƙalau, ko tsaga babu, adda da dutsen guga da sandar sabulu suna kansa. Makullai uku suka faɗo kan tulin sukari.

"Ga makullan," in ji direba.

Gwangwani ɗaya ya yi ta gangarawa har ya tsaya a ƙafar matar nan mai tabarau. Ta sunkuya ta ɗauka. Sai a lokacin muka ji malamai suna kiranta shugaba.

Uwar Likita ta dafe kai. Na dubi agogon ɗakin mai gadi, saura minti tara. Falangen nan kuwa aikina ne.

"Ɓoyayyen wuri, abinci, kananzir, makami," in ji shugabar. "Takardarmu ta faɗi hukuncin wannan. Wace ce mai akwatin?"

Monita ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ban taɓa ganin haka ba tun da na san shi.

Likita ta tako gaba, ta ɗora jakarta shuɗiya a kan tebur, ta ajiye takardar nan mai alamar ƙafar benci a kai.

"Ranki ya daɗe, ga kayana, a duba. Akwatin kuma akwai sunan mai shi a jiki."

Shugabar ta gyara tabarau ta karanta da ƙarfi: "Monita, lamba ɗari da sha huɗu. Wace ce wannan?"

Duk layi ya juya. Monita ya dubi jikarsa, ya dubi agogo. Zan faɗi gaskiya, bai daɗe ba. Ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya.

"Ni ne. Yarinya ba ta san komai ba. Ni na zuba."

Aka zazzage jakar. Komai daidai da takarda, har da riguna biyu masu laushi da Tela ya sake ɗinkawa a ɓoye. Malamar ta buga hatimi saura minti huɗu.

"Saura mai laifi," in ji shugabar, tana danne dariya. "Baba, ɗazu ka gaya mana dokarku. Ba sani, ba sabo. Ba zan ce ka zagaya fili ba, girma ya zo. Daga nan zuwa mota ya isa."

Akwatin ya zama fanko, ba nauyi. Mai gadi ya ɗora masa a kai. Da yake ba gindi, sai ya zurma ya rufe shi har kafaɗa. Haka ya nufi mota yana lalube, ragowar sukari tana zubo masa a wuya, iyaye suna tafi. Daga ciki muryarsa tana fitowa kamar daga rijiya: "Wannan ba komai ba ne! A shekara biyar ɗin da na yi..."

Gwaggo ta sunkuya ta ɗauki sandar sabulun nan, ta busa ƙurar madara.

"Kwana goma sha ɗaya," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. "Ni na tsaga masa sabulun nan. Kwana goma sha ɗaya ya yi, ya gudo a ƙafa da akwatin nan a kai, yana kuka wai ana kashe fitila da wuri. Ni na tarye shi a bakin hanya na goya shi. Monitan kuma mu muka sa masa a gida, don ya daina kukan."

Akwatin ya tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Yaya," in ji shi daga ciki, "macijin fa gaskiya ne."

"Igiyar shanya ce."

Da aka zo sallama, Likita ko hawaye ba ta yi ba. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta ɗauki jakarta ta bi sauran. Wanda ya yi kuka har muka iso gida Monita ne. Ya ce kananzir ne ya shiga masa ido. Gwaggo ta miƙa masa bakin mayafinta ba ta ko dube shi ba, kamar wadda ta saba.

Kwana da kwanaki bai fito teburin shayi ba. Ran da ya fito, Tela ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. Muna zaune sai wayar uwar Likita ta yi ƙara, ta fito da gudu ta miƙa wa Monita. Malamar ɗakin kwana ce ta ba yarinya aron waya minti ɗaya. Ya sa a kunne, amma duk muna ji.

"Kaka Monita, ina kwana? Yau kwanana goma sha biyu. Na wuce ka."

Ya miƙa wayar, ya gyara hula, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ji ko?" in ji shi. "Horona ne."

Akwatin yana shagona yanzu. Na sa masa gindi ɗaya, ina zuba ƙusa a ciki.